Ofis Ya Shigo Gida: Riba da Ɗawainiyar Aiki Daga Nesa

Aiki daga gida, ko aiki daga nesa, shi ne tsarin da ma'aikaci ke sauke nauyin da aka ɗora masa ba tare da ya taka harabar ma'aikatar da ke biyansa albashi ba. Waya da kwamfuta da intanet ne ke haɗa shi da shugabansa da abokan aikinsa. Yana iya kasancewa a unguwa ɗaya da ofishin, yana iya kasancewa a wata nahiyar. Wani ba ya leƙa ofis ko sau ɗaya a shekara, wani kuma an raba masa mako gida biyu: kwana uku a ofis, kwana biyu a gida. Wannan na biyun, wato tsarin gauraye, shi ya fi yaɗuwa a yau.

Neman abinci a cikin gida tsohon abu ne. A ƙasar Hausa mai ɗinkin hula da masaƙi da malamin zaure duk a gida suke sana'arsu tun fil azal. A shekarun 1960 wata masaniyar tattalin arziki 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu kan cinikin da matan aure ke juyawa daga cikin gidajensu, na hatsi da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci, yara na fita talla suna dawowa da kuɗi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019, kafin annoba, mutum miliyan 260 ne ke aiki a gidajensu a faɗin duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa suke. Bambancin shi ne, mai ƙuli-ƙuli ita ke da jarinta da lokacinta. Idan baƙi suka zo sai ta sauke kasko. Ma'aikacin da ake magana a kansa a nan kuwa lokacinsa na wani ne, an saya an biya, wurin zama kawai ya canza.

Tunanin aiki daga nesa ya samo asali ne daga matsalar man fetur. A 1973, shekarar da ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar wa Amurka mai, wani injiniya mai suna Jack Nilles yana bincike a wata jami'a da ke Los Anjalas kan yadda za a rage cunkoson motoci. Shawararsa ita ce a daina kwasar mutane ana kai su wurin aiki, a riƙa kai musu aikin ta layin waya. Kamfanin IBM ya gwada abin da ma'aikata biyar a 1979, kuma zuwa 2009 ya ce kusan kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatansa ba su da teburi a ofis. Sai dai tafiyar ba ta miƙe ba. Yahoo ya hana aiki daga gida a 2013, IBM ɗin kansa ya kira dubban ma'aikata su koma ofis a 2017. Har zuwa ƙarshen 2019, kwanakin aikin da Amurkawa ke yi a gida ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba.

Shekarar da aka kulle ƙofofi

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. Cikin makonni biyu ofisoshi suka zama kufai. A watan Mayun shekarar, kusan kashi 60 cikin ɗari na kwanakin aiki a Amurka a gida aka yi su. Manhajar Zoom, wadda masu shiga taro ta cikinta ba su wuce miliyan 10 a rana ba a Disambar 2019, ta kai miliyan 300 a Afrilun 2020. A Najeriya gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida tun cikin Maris, aka kulle Legas da Ogun da Abuja ranar 30 ga watan, Kano ta bi sahu a Afrilu.

Nan ne aka ga abin da takardar umarni ba ta iya yi. An ce wa akawu ya yi aiki daga gida, alhali fayil ɗin da zai yi aiki a kansa na takarda ne, yana cikin kabad a sakatariya, mukullin kuma yana hannun masinja. Ga mafi yawan ma'aikatan gwamnati zaman gida ne kawai aka yi, aikin ya jira. Bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji, waɗanda tun da farko bayanansu na cikin kwamfuta, su ne suka ci gaba da gudana. Wasu masana biyu na Jami'ar Cikago, Jonathan Dingel da Brent Neiman, sun lissafa a 2020 cewa kashi 37 cikin ɗari na ayyukan Amurka ne za a iya yi gaba ɗaya daga gida, kuma adadin yana raguwa gwargwadon talaucin ƙasa. Manomi da direba da nas da mai gadi da ɗan dako ba su cikin wannan lissafi. Saboda haka duk muhawarar ta shafi tsirarun ma'aikata ne, waɗanda akasari sun fi sauran ilimi da albashi, kuma yana da kyau a riƙe wannan a zuci kafin a zurfafa.

Abin da gwaji ya nuna

Shahararren gwaji a wannan fanni an yi shi ne a Shanghai tun kafin annoba. Ctrip, babban kamfanin sayar da tikitin jirgi da kama ɗakin otal a ƙasar Sin, ya haɗa kai da Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan bincikensa. Aka ɗauki ma'aikata 249 masu amsa kiran waya, aka raba su gida biyu bisa ranar haihuwarsu domin kada zaɓin shugaba ya shiga ciki. Rabi suka koma gida kwana huɗu a mako na tsawon wata tara, rabi suka ci gaba da zuwa ofis. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna aikin 'yan gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. Kashi 9 ya fito ne daga ƙarin mintocin aiki, domin ba makara, ba yawan fita shan iska, ba yawan neman hutun rashin lafiya. Sauran kashi 4 daga natsuwa ya fito, kasancewar gida ya fi babban zauren ofis shiru. Masu ajiye aiki suka ragu da rabi.

Wannan kashi 13 shi ake yawan ambatawa, amma akwai abubuwa biyu a rahoton da suka fi shi muhimmanci. Ba kowa aka bari ya shiga gwajin ba. Sai wanda ya yi aƙalla wata shida a kamfanin, yana da intanet mai ƙarfi, yana kuma da ɗaki na kansa da zai rufe ƙofa. Kimanin rabin waɗanda suka nuna sha'awa sun faɗi a kan waɗannan sharuɗɗa. Sannan da gwaji ya ƙare aka ba kowa zaɓi, kusan rabin waɗanda suka zauna a gida suka nemi komawa ofis, yawancinsu saboda kaɗaici. An kuma gano cewa ɗan gida, ko da aikinsa ya yi daidai da na ɗan ofis, ya fi shi jinkirin samun ƙarin girma.

Wasu gwaje-gwajen sun karkata ɗaya ɓangaren. A Chennai ta Indiya an ɗauki sababbin masu shigar da bayanai a kwamfuta aka raba su ta hanyar ƙuri'a, sai aikin 'yan gida ya gaza na 'yan ofis da kashi 18 cikin ɗari. A wani babban kamfanin fasaha na Indiya mai ma'aikata sama da 10,000 da aka bibiya lokacin annoba, sa'o'in aiki sun ƙaru amma abin da ake samarwa a kowace sa'a ya ragu, domin tarurruka sun cinye lokaci. Microsoft ya nazarci ma'aikatansa sama da 61,000 a 2020, ya ga kowa ya ƙara manne wa 'yan sashensa, hulɗa tsakanin sassa ta ja baya.

Daga baya Bloom ya koma kamfanin na Sin, wanda yanzu ake kira Trip.com, aka gwada tsarin gauraye a kan ma'aikata 1,612, injiniyoyi da 'yan talla da ma'aikatan kuɗi. Aka ba rabi damar zama a gida Laraba da Juma'a. Rahoton da mujallar Nature ta buga a 2024 ya nuna ba a sami bambanci ba a ingancin aiki ko ƙarin girma cikin shekara biyu, amma masu barin aiki sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman mata da masu zuwa daga nesa. Idan aka haɗa waɗannan duka, abin da ke fitowa shi ne: ƙwararre mai ɗaki da wuta da intanet yana cin riba, sabon shiga ko wanda ke cikin hayaniya yana asara, kwana biyu a gida kuma ba ya cutar da kamfani.

Wa ke biyan kuɗin ofis?

Ribar da kowa ke fara gani ita ce ta hanya. Wani bincike da ya shafi ƙasashe 27 ya gano cewa ranar da mutum ya yi aiki a gida yana tsira da minti 72 a matsakaici, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na wannan lokaci aikin yake komawa. Wanda ke tasowa daga Mararaba ko Suleja zuwa tsakiyar Abuja, ko daga Ikorodu zuwa tsibirin Legas, ya san minti 72 ƙaramin lissafi ne. Yakan fita da asuba ya dawo bayan isha, 'ya'yansa na barci a duka lokutan biyu.

A Najeriya kuɗin mota ne ya sake farfaɗo da zancen bayan annoba ta lafa. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kimanin 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Jihohin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikata zuwa ofis zuwa kwana uku a mako. Legas ta yi irin haka a 2024, ta kuma soke a ƙarshen Maris 2025. Kaduna ta riga su tun Disambar 2021, inda aka ce ma'aikata, ban da na makarantu da asibitoci a matakin farko, su yi aikin Juma'a daga gida. Abin lura shi ne, matsalar mai da ta haifar da tunanin a 1973 ita ce ta dawo da shi a nan bayan shekara hamsin.

To amma ofis ba teburi da kujera kaɗai ba ne. A ƙasar da babban layin lantarki ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200, ofis shi ne inda janareta ke aiki ba da kuɗin ma'aikaci ba. Nan ake cajin waya, nan ake shan sanyin na'ura a watan Afrilu, nan ake samun intanet kyauta da firinta da ruwan sanyi. Ranar da aka ce ma'aikaci ya zauna a gida, duk wannan ɗawainiya ta sauka a kansa, kuma kamfanoni kaɗan ne ke ƙara masa ko sisi a kai. Ctrip ya ƙiyasta yana tsira da kimanin dala 2,000 a shekara kan kowane ma'aikacin da ya koma gida, kuma babban kaso na kuɗin daga hayar ofis ne. Wani ne ya ɗauki nauyin wannan ɗakin, wato ma'aikaci da iyalinsa.

A ɗauki misalin ma'aikaciyar wata ƙungiya a Kano da ke da taron bidiyo ƙarfe goma na safe. Tun daren jiya ba wuta. Kwamfutarta na da caji na awa ɗaya da rabi, wayar da take jona intanet da ita ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Ta aiki yaro da galan ya sayo mai, a tayar da ƙaramin janareta, a ja shi can bayan gida saboda ƙara, duk da haka sai ta riƙa kashe makirufo tana kunnawa. Ana tsaka da magana hoto ya daskare, ta tashi da kwamfuta a hannu ta koma bakin taga inda sabis ya fi kamawa. A takardar kamfani an rubuta cewa ta halarci taron awa ɗaya. Ba a rubuta litar mai biyu da datar da ta ƙone da tashin hankalin da ta shiga ba.

Farashin waɗannan abubuwa ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kan kowane yunit. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Masu hali sun koma sola da inbata da batir, wasu sun sayi intanet na Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasar Afirka. Duk jari ne mai nauyi da ake zubawa tun kafin albashin farko ya shigo. Akwai kuma katsewar da ba dabarar mutum ɗaya da za ta magance. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna na tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. A Oktoban shekarar mafi yawan jihohin Arewa suka yi sama da mako cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Abokin ciniki da ke Landan ba ruwansa da wannan bayani, ranar da aka yi alkawari kawai ya sani.

Duk da haka, ga wanda ya sami aiki da kamfanin waje lissafin yakan fita da riba mai tsoka. Dala da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai rubuta manhaja ko mai fassara ko mai zane da ake biya da dala yana zaune a Zariya ko Jos, yana biyan hayar garin, yana kusa da iyayensa, bai bi hamada ba, bai hau teku ba. Andela, kamfanin da aka kafa a Legas a 2014 don haɗa injiniyoyin Afirka da kamfanonin waje, ya rufe ofisoshinsa a 2020 ya koma aiki daga nesa kacokan, abin da ya buɗe ƙofa ga waɗanda ba su zaune a Legas ko Nairobi. Wannan ita ce fa'ida mafi girma da tsarin ya kawo wa ƙasashe irin Najeriya da Nijar da Gana, kuma ta cancanci a yi mata tanadi da gaske. Ita ce kuma 'yan damfara ke fakewa da ita, suna tallan aikin gida mai albashin dala, sannan su ce sai an biya kuɗin rajista. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun wanda zai ɗauka aiki.

Gida yana da nasa haƙƙin

Wahalar da ta fi ta wuta wuyar magancewa ita ce ta mutane. A al'adar da zumunci a ƙafa yake, wanda aka ga motarsa a ƙofar gida ranar Talata da hantsi ana ɗaukarsa ba shi da abin yi. Za a yi sallama da shi, za a aike shi asibiti da mara lafiya, za a sa shi cikin masu rakiyar ɗaurin aure. Idan ya ce yana aiki, sai a ga kamar girman kai ne, domin ga shi nan zaune da jallabiya yana kallon allo. Wasu iyaye ma sukan shiga damuwa, suna zargin ko an kori ɗansu ne yana ɓoyewa, ko kuma ya shiga harkar damfarar intanet. Yakan ɗauki watanni da haƙuri kafin gida ya gane cewa rufaffiyar ƙofa ba fushi ba ne.

Tsohon ginin Hausa yana da maganin wannan tun tuni. Zaure ko soro shi ne iyaka tsakanin waje da cikin gida, nan mai gida ke ganin baƙi, nan malami ke karantarwa, nan maɗinki ke ajiye kekensa. Gidan haya mai ciki da falo ba shi da irin wannan wuri, sai a ga teburin aiki a gefen gado, wayar caji ta ratsa ta kan tabarmar da yara ke cin abinci.

Nauyin ya fi sauka a kan mata. Aiki daga gida ya ba matan aure da dama damar riƙe aikin da da sun ajiye shi bayan haihuwa, ko wanda miji ba zai yarda a fita dominsa kullum ba, haka ma masu buƙata ta musamman da hawa adaidaita sahu da matakalar bene ke wahalar da su. Wannan alheri ne babba. Sai dai mace da ke gida ana sa ran ta dafa, ta kula da yara, ta tarbi baƙi, ko tana da rahoton da za ta miƙa kafin azahar. Namiji yakan rufe ƙofa a ce kada a dame shi. Ita kuwa ƙofarta ba ta rufuwa. Idan ba a zauna an raba aikin gida ko an nemi mai taimako ba, abin da ake samu shi ne aiki biyu a lokaci ɗaya da albashi ɗaya, ragowar kuma a ƙarasa da tsakar dare.

Bambancin agogo wata ɗawainiya ce. Ƙarfe tara na safe a New York ƙarfe biyu ne ko uku na rana a Kano, gwargwadon lokacin shekara, tashi daga aiki kuma ya kama goma ko sha ɗaya na dare. Ke nan la'asar da magariba da isha duk suna faɗawa cikin lokacin aiki, haka buɗe-baki a watan azumi, Juma'a kuma ranar aiki ce cikakkiya. Mai aiki da Kalifoniya sai ya raba dare. Landan da Faris sun fi sauƙi, domin tazarar ba ta wuce awa ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a faɗi lokutan salla tun ranar da ake tattauna sharuɗɗan aiki, a sa su a kalandar da kowa ke gani. Yawancin kamfanoni ba sa musu a kan minti goma da aka sanar tun farko, ɓacewa ba bayani ce ke jawo zargi.

Jiki ma yana biyan nasa kason. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago sun yi gargaɗi a 2022 kan ciwon baya da wuya da kaɗaici da tsawaita sa'o'in aiki ga masu aiki daga nesa. Tun a 2021 sun bayyana cewa yin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Tafiya ofis, duk da wahalarta, tana sa mutum ya motsa, tana kuma sanar da ƙwaƙwalwa cewa an tashi. Wanda ofishinsa ke gefen gado ba shi da wannan ƙararrawa.

Sabon shiga da idon shugaba

Asarar da ba a gani da wuri ita ce ta koyo. Sana'a da yawa a gefen gwani ake ɗaukarta, ta hanyar kallon yadda yake amsa waya, da yadda yake lallashin abokin ciniki da ya fusata, da gyaran da zai yi wa yaro a tsaye cikin daƙiƙa talatin. Natalia Emanuel da Emma Harrington da Amanda Pallais sun nazarci injiniyoyin manhaja a wani babban kamfanin Amurka, suka ga waɗanda ke zaune a gini ɗaya da abokan aikinsu suna samun gyara da shawara fiye da waɗanda ke rarrabe da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma matasa da mata ne suka fi amfana. Manyan injiniyoyi kuwa aikinsu na kansu yakan ragu saboda lokacin da suke ba yara. Wato idan kowa ya koma gida, babba ya huta, ƙarami ya rasa malami, kamfani kuma ba zai ji zafin ba sai bayan shekaru, lokacin da ya nemi wanda zai gaji babban ya rasa. Matashin da ya gama hidimar ƙasa ya sami zaɓi tsakanin aikin gida da na ofis, zai fi masa alheri ya yi shekarun farko a inda zai ga mutane, ko da kuɗin mota zai ci wani abu daga albashinsa.

Shugabanni su ma sai sun sake hali. Wanda ya saba auna ma'aikaci da lokacin da ya sa hannu a rajista da safe yakan rikice idan bai ga kowa ba. Wasu sukan koma ga manhajojin leƙen asiri masu ƙirga taɓa madannai da ɗaukar hoton allo, ma'aikata kuma su nemo dabarar motsa linzamin kwamfuta don a ga kamar suna nan. Wannan ɓata lokaci ne daga ɓangarorin biyu. Inda tsarin ya yi nasara, an koma auna aiki ne da abin da aka gama: me aka ce a yi, yaushe za a kawo, wa zai duba. Hakan na buƙatar a riƙa rubuta umarni da shawarar da aka yanke a inda kowa zai gani, a rage tarurruka, a kuma ware ranakun da 'yan sashe ɗaya za su haɗu ido da ido. Zuwa ofis ranar da sauran ke gida, a zauna ana taron bidiyo da su, ya haɗa wahalar tsarin biyu ba tare da ribar ko ɗaya ba.

Ga ma'aikaci, sabawa tana farawa ne da ƙayyade wuri da lokaci. Ko kusurwar ɗaki ce, a san nan ne wurin aiki, a sami kujera mai jingina, a ɗaga allo ya yi daidai da ido. A yi wanka a sa tufafi kamar za a fita, a fara a kan lokaci, a rufe kwamfuta a kan lokaci. Layin waya biyu na kamfanoni daban-daban ya zama dole, haka batirin ajiya, da sanin wani wuri na kusa mai wuta da za a ruga idan ta ɓaci. Wuraren aiki na haya, inda ake biyan kuɗin teburi na yini ko na wata, sun yawaita a Legas da Abuja, ana kuma samunsu a Kano da Kaduna. Sallar jam'i a masallacin unguwa da zaman majalisa da yamma suna rage kaɗaicin da ya kori rabin ma'aikatan Shanghai daga gidajensu, kuma wannan gata ne da takwarorinsu na manyan biranen Turai da yawa ba su da shi. Kwamfutar aiki kuma ba ta kallon fim ɗin yara ba ce, domin bayanan abokan ciniki amana ne, kuma Najeriya ta kafa dokar kare bayanai tun Yunin 2023.

Doka da inda aka kwana

Dokoki suna biye da abin a hankali. Faransa ta fara aiki da dokar 'yancin kashe waya bayan tashi daga aiki ranar 1 ga Janairu 2017, ga kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama. Fotugal ta hana shugabanni tuntuɓar ma'aikaci bayan lokacin aiki a 2021, ta kuma wajabta wa kamfani biyan ƙarin kuɗin wuta da intanet da aikin gida ya jawo. Ostireliya ta kafa nata 'yancin a Agustan 2024. Estoniya da Barbados sun ƙirƙiro biza ta musamman a 2020 ga baƙin da ke aiki da kamfanonin waje. Dokar ƙwadago ta Najeriya kuwa tun shekarun 1970 aka rubuta ta, ba ta ce komai ba kan wanda zai sayi man janareta. Abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ne kawai madogara, don haka a nemi a sa kuɗin data da wuta da lokutan aiki a ciki. Mai aiki da kamfanin waje yawanci ɗan kwangila ne a idon doka. Ba a zuba masa kashi 10 cikin ɗari na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki, ba inshorar lafiya, ana iya sallamarsa da saƙon imel guda, harajin abin da ya samu kuma yana wuyansa ko da daga waje aka biya shi.

A 'yan shekarun nan wasu manya sun ja da baya. Amazon ya umarci ma'aikatan ofis su koma kwana biyar a mako daga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya ba ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka irin wannan umarni ranar 20 ga watan. Duk da haka alƙaluman Amurka tun 2023 sun tsaya a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kwanakin aiki ana yin su a gida, wato ninki da yawa na abin da ake yi kafin annoba, kuma mafi yawan masu aiki daga gida masu tsarin gauraye ne, waɗanda ke zuwa ofis Talata zuwa Alhamis su zauna a gida Litinin ko Juma'a.